FARAUTA DA ƊANA TARKO DON TSARON AMFANIN GONA

Jagora ga manoman Hunkuyi, Kudan, Makarfi da Ikara

GABATARWA

Manomi, ka yi sharar gona, ka sayi iri da taki da tsada, ka yi noma da maimai. Amma ba duk abin da gona ta bayar ke isa bakin iyalinka ba. Tun daga ranar shuka har ranar da za ka buɗe rumbu, akwai masu ci tare da kai ba da izninka ba: kurege, gafiya, ɓera, gyazbi, zomo, biri da tsuntsaye. Mai rake a fadamun Kudan da Makarfi ya san wannan. Mai masara da gyaɗa a Likoro, Doka ko Paki shi ma ya sani.

Iyayenmu sun san dabarun kama waɗannan dabbobi tun kafin zuwan maganin Bature. Wasu dabarun har yanzu ba abin da ya fi su. Wasu kuwa, kamar cinna wa daji wuta da zuba guba, hasararsu ta fi ribarsu. Wannan takarda za ta nuna maka wanda za ka riƙe da wanda za ka bari. Karanta ta, ka kuma karanta wa maƙwabcinka na gona, domin wannan aiki ba ya yiwuwa da mutum ɗaya.

1. SAN MAƁARNACINKA TUKUNA

Kowace dabba da irin tarkonta. Wanda ya ɗana tarko bai san abin da ke masa ɓarna ba, ɓata lokaci ya yi. Ka shiga gona da sassafe tun raɓa ba ta bushe ba, ka duba waɗannan alamu:

(a) Kurege. Da rana yake fita. Yakan bi layin shuka yana tone irin masara da gyaɗa rami bayan rami. In gyaɗa ta nuna, za ka ga ɓawo a warwatse kusa da bakin raminsa, galibi a gindin itace, a jikin suri ko kan iyakar gona.

(b) Gafiya. Da dare take yawo. Nauyinta yakan kai kilo 1 zuwa 1 da rabi. Tana da jaka a kumatu inda take cusa hatsi ta kai rami ta ɓoye, saboda haka abin da take kwashewa ya fi abin da take ci. Raminta yana da baki fiye da ɗaya, kuma tana son tsohon suri da gindin kuka.

(c) Gyazbi, wanda wasu ke kira gyauji. Shi ne babban abokin gaban mai rake da mai shinkafar fadama. Yakan kai kilo 3 zuwa 6. Yana datse kara daga ƙasa a karkace, kamar an sa wuƙa, ya ci ɓargon ya bar guntaye a tare wuri ɗaya da kashinsa a gefe. Ba ya cika haƙa rami. Cikin ciyawa mai duhu a bakin rafi yake kwana, kuma yana da hanya ɗaya da yake bi kullum har ta zama kamar ɗan lungu a cikin ciyawa.

(d) Ɓera. Akwai na gida, akwai na gona mai nonuwa da yawa wanda ke shiga gida da rani in abinci ya ƙare a daji. Alamarsa ƙananan kashi baƙi, buhu a huje, da zangarniyar da aka gaigaya.

(e) Zomo. Yana cin ganyen wake, gyaɗa da dashen kayan lambu tun suna ƙanana. Yankansa sumul yake, ba kamar na akuya da ke fizga ba.

(f) Fakara da zabin daji. Sukan tone iri da safe da yamma. Za ka ga sawunsu da inda suka yi birgima a ƙura.

(g) Biri. Ɓarnarsa ba ta ɓuya: masara a karye, an ɗan gatsa an yar.

2. LOKACIN DA YA FI DACEWA

Yawancin manoma ba sa tuna tarko sai ɓarna ta yi yawa. A lokacin nan an makara. Ga dalili.

Ɓeran gona tana ɗaukar ciki kwana 23 kacal, kuma takan haifi 'ya'ya 10 ko fiye a haihuwa ɗaya. 'Ya'yan nan cikin watanni kaɗan su ma sun fara haihuwa. Da damina, lokacin da abinci ya wadata, suke yaɗuwa. Da bazara kuwa, watau Maris zuwa Mayu, yawansu ya ragu, yunwa ta kama su, ciyawar da suke ɓuya ta bushe. Mace ɗaya da ka kama a watan Afrilu ta fi ashirin da za ka kama a watan Oktoba.

Saboda haka ka riƙe lokatai uku:

1. Mako biyu ko uku kafin shuka, domin kurege, ɓera da gafiya.
2. Lokacin da masara ta fara goyo da lokacin da gyaɗa ta fara ƙwari.
3. Kafin ka zuba sabon hatsi a rumbu.

Mai rake shi ba ya da hutu, don rake yakan yi kusan shekara a gona. Amma ya fi matsa kaimi da rani, lokacin da gonarsa kaɗai ce kore a fadama, duk gyazbin yankin ya dawo kanta. Cikin gyazbi wata biyar ne, kuma 'ya'yansa ba su cika wuce huɗu ko biyar ba. Don haka in an dage masa shekara ɗaya, za a ga sauƙi sosai.

3. IRE-IREN TARKO DA YADDA AKE ƊANA SU

(a) Tarkon ƙarfe na maƙera. Ana samunsa ƙanana da manya a kasuwannin Makarfi, Ikara, Hunkuyi da Sabon Garin Zariya. Ƙaramin na ɓera ne, matsakaici na gafiya da kurege. Kafin ka biya, ɗana shi ka taɓa da kara ka gani. In sai an danna da ƙarfi yake tashi, bar shi. A cikin ɗaki ko sito, jingina shi da bango, bakin abincin yana fuskantar bangon, domin ɓera gefen bango yake bi, ba ya ratsa tsakiyar ɗaki. A gona, ɗaure shi da waya a jikin turke don kada dabba ta gudu da shi.

(b) Zarge na waya. Shi ya fi dacewa da gyazbi da zomo. Tsohuwar wayar birkin keke ko ta babur ta isa. Warware ta ka ɗauki silli biyu ko uku, ka yi zarge mai faɗin tafin hannunka. Kafa turke mai ƙarfi a gefen hanyar dabbar, ka rataya zargen a tsakiyar hanyar, tsayin yatsu uku daga ƙasa. Sa ƙananan tsinke biyu su riƙe shi don kada iska ta karkata shi. Kada ka tattake hanyar, kada ka yanke ciyawar da ke gefenta.

(c) Shinge mai ƙofofi. Wannan ita ce babbar dabarar mai rake da mai lambu. Yi ɗan gajeren shinge na kara ko zana, tsayin gwiwa, a gefen gonar da ke fuskantar rafi ko ciyawa. Bayan kowane taki 10 ka bar ƙofa mai faɗin tafin hannu, ka sa zarge ko tarko a ciki. Dabba in ta iske shinge, binsa take yi har ta sami kafa. Manoman shinkafa na ƙasashen Indunusiya da Biyetnam suna yin irin wannan da shingen leda da tarkon keji, kuma suna kama ɓera da yawa da shi.

(d) Tarkon tukunya. Ba ya cin ko kwabo. Sami tsohuwar tukunya mai zurfi ko bokiti. Binne ta bakinta daidai da ƙasa, ka zuba ruwa zuwa rabi. Watsa ƙaiƙayi a kan ruwan har ya rufe shi, ka barbaɗa ɗan ƙuli-ƙuli a kai. Ɓera zai ɗauka ƙasa ce ya faɗa. Yakan kama da yawa a dare ɗaya. Da rana ka rufe ta da faifai ko katako saboda kaji da ƙananan yara.

(e) Tarkon keji. Akwati ne na ragar waya mai ƙofa da ke rufe kanta. Ya fi tsada, amma yana kama dabba da rai. In abin da ya shiga ba shi kake nema ba, sai ka sake shi. Shi ya fi dacewa kusa da gida, inda kaji da kyanwa ke yawo.

(f) Asuta. Ƙananan zarge ne na gashin wutsiyar doki ko zaren roba da ake jerawa a igiya, a watsa tsaba, don fakara da kurciya. Ta isa ga ƙaramar gona. Amma in tsuntsun jan baki ne ya sauko garke guda, tarko ba ya maganinsa. Sanar da ofishin gona nan da nan, kuma in dawa ko shinkafa ta nuna a girbe ba jinkiri.

(g) Haƙo da babban tarko mai haƙora. Waɗannan na zamanin da daji ke da faɗi ne. Yanzu gona ta haɗe da gona, ko'ina akwai yaro, mai itace da makiyayi. Kada ka haƙa rami ka rufe, kada ka ɗana tarkon da zai iya karya ƙafar mutum ko ta saniya. Rigimar da za ta biyo baya ta fi ƙarfin abin da za ka kama.

Biri shi ba a cika samunsa da tarko ba. Maganinsa tsaro: a yi rumfar gadi mai tsawo, a sa kare, a riƙa kaɗa gwangwani, musamman da sassafe da la'asar.

4. ƘA'IDODIN ƊANA TARKO

1. Abincin tarko: ƙuli-ƙuli, soyayyar gyaɗa ko busasshen kifi don ɓera, gyaɗa, ɗanyar masara, rogo ko dankali don gafiya da kurege, guntun rake ko ɗanyar masara don gyazbi. Ɗaure abincin da zare, kada a ɗauke a bar maka tarko.

2. Ɓera da gafiya suna tsoron sabon abu. Ajiye tarkon da abinci a kai dare 2 ko 3 ba tare da ka ɗana ba. In ka ga sun saba ci, sannan ka ɗana duka a dare ɗaya.

3. Tarko ɗaya ko biyu ba su isa ba. Tarko 20 a dare uku sun fi tarko 2 a wata guda. In ba ka da hali, ku haɗa kuɗi ku biyar ko goma ku saya, ku riƙa zagayawa gona gona.

4. Kada ka taɓa tarko da hannun da ya taɓa kananzir, fetur, turare ko maganin feshi. Goge hannunka da ƙasa tukuna. Sabon tarko mai warin mai, binne shi a ƙasa kwana biyu.

5. Ɗana da yamma, duba da asuba. Barin dabba ta wuni tana wahala a tarko zalunci ne. Ban da haka, abin da zarge ya shaƙe har ya mutu ya zama mushe, bai halatta a ci ba. Wanda aka tarar da rai, in irin wanda ake ci ne, a yanka shi da sunan Allah.

6. In wuri ya yi dare 4 bai kama ba, canja masa wuri.

7. Ƙidaya tarkunanka, ka sa alamar tsumma a kusa da kowane. Ranar da ka gama, kwashe su duka. Zargen da aka manta a daji yakan kama akuyar mutane bayan wata da watanni.

8. Gaya wa maƙwabtan gona da makiyayan da ke kusa inda ka ɗana. Kada ka ɗana a burtali, a mashaya ko a hanyar da mutane ke bi.

5. TSARON RUMBU DA SITO

Ɓera yakan ci kimanin kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa kowace rana. Mu yi lissafi. Babban ɓeran gida mai giram 150 zai ci giram 15 a rana. In guda 20 ne a sitonka, giram 300 ke nan. A wata shida sun cinye kilo 54, watau fiye da rabin buhu. Ba a sa wanda suka ɓata da kashi da fitsari ba, da buhunan da suka huda. In kuwa buhu mai leda uku ne da ba ya shan iska, huda ɗaya ta kashe amfaninsa, ƙwari su shiga wakenka.

Masu magana sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Tarko ba zai yi aiki ba in ka bar abinci a sake. Yi waɗannan:

1. Share ciyawa, tarkace da tarin kara taki 3 kewaye da rumbu.
2. Rumbun kara ko na katako, ɗaga shi kamu biyu daga ƙasa, ka sa wa kowace ƙafa kwano ko langa-langa a kife kamar malfa, don kada ɓera ya hau.
3. Sare reshen itacen da ya sauko kan jinka.
4. Toshe duk kafar da ɗan yatsa zai shiga, da siminti ko laka da aka cuɗa da fasassun kwalabe.
5. Jera buhuna a kan katako, ka bar tazara tsakaninsu da bango yadda za ka iya zagayawa.
6. Ajiye kyanwa. Amma ka sani kyanwa tsare gida take yi kada su dawo, ba ta iya ƙare su in sun riga sun yi yawa. Fara da tarko.

6. FARAUTA DA AL'ADUNTA

Farauta tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa, kuma tana da shugabanni. Akwai maharbi, mai fita shi kaɗai da kwari da baka ko bindiga, wanda ya san sawu, ya san iska, ya san itatuwan magani. Shugaban maharba shi ne Sarkin Baka, wasu wurare kuma akwai Sarkin Dawa. Maharban da sukan ɗaura kan burtu a goshi, su yafa baƙin zane, su rarrafa suna kwaikwayon tafiyar tsuntsun har su kusanci nama. Akwai kuma farautar gayya ta rani, wadda ake fita da kiɗa, da karnuka, da gora, ƙere, adda da barandami, bayan an kawar da amfanin gona. A wasu ƙasashen Hausa, kamar Katsina da Maraɗi, akan yi bikin buɗar dawa kafin a fara.

Duba hikimar da ke cikin wannan tsari. Ba a fita sai an gama kaka, don kada a tattake gonar kowa. Ba a fita sai da iznin shugaba. Da damina kuwa, lokacin da yawancin namun daji ke haihuwa, kowa na gona, daji ya huta. Wannan ne ya sa nama bai ƙare ba a zamaninsu.

Yau daji ya ƙanƙance. Barewa da gada da dattawa ke ba da labari sun yi wuyar gani a yankinmu. Abin da ya saura a yalwace shi ne masu cin amfanin gona. To, a juya farautar gayya ta koma kansu. Ga yadda za a tsara:

1. A nemi iznin mai unguwa ko dagaci, a sa rana, a sanar da ƙauyukan maƙwabta da ardon Fulani.
2. A sa dattijo ɗaya ya zama shugaba, a faɗi ƙa'idar rabon nama tun kafin a fita. Yawancin faɗan farauta a kan wa ya fara bugu ne, ko karen wa ya kama.
3. A nufi bakin fadama, surruka da iyakokin gonaki inda gyazbi da gafiya suke.
4. Kada a shiga gonar rake, rogo ko lambun rani ba da yardar mai shi ba.
5. Ba bindiga a cikin gayya. Ba ƙwaya, ba kayan maye.
6. Mace mai ciki ko mai goyo ta gada, barewa da makamantansu, a bar ta.
7. Kada a yi zurfi cikin dajin da ba a tabbatar da lafiyarsa ba.

7. KADA KA SA WUTA

Cinna wa daji wuta don gafiya ɗaya ita ce hasara mafi girma a wannan sha'ani. Da hunturu iska na kaɗawa, wanda ya kunna ba shi ke kashewa ba. Wuta tana cinye karan dawa da harawar da dabbobi za su ci har bazara. Tana cinye damman da ba a kwashe ba, da gonar rake, da amya. Tana ƙone ganye da ciyawar da za su ruɓe su zama taki, ta bar ƙasa tsirara, ruwan farko ya kwashe ta. Tana kashe 'ya'yan ɗorawa da kaɗanya da ke tasowa. Gafiyar kuwa sau da yawa tana can ƙarƙashin ƙasa lafiya lau.

Haka nan turara hayaƙi a rami. In ya zama dole, share taki 3 kewaye da ramin, ajiye ruwa ko ɗanyen ganye a kusa, kuma kada ka tafi sai ka binne tokar. Ka sani tun shekarar 2011 akwai ƙa'idar Gwamnatin Tarayya da ta hana ƙona daji ba da izni ba, kuma wanda wutarsa ta ci dukiyar wani biya zai yi.

8. GUBA BA TA FARAUTA BA CE

Kada ka kama abin da za a ci da guba. Naman da guba ta kashe yana iya kashe mai cinsa, ko kai ne ko wanda ka sayar wa. Kada ka zuba maganin feshi a kududdufi ko rafi don kifi ko tsuntsu, domin nan shanu da mutane ke sha.

Maganin ɓera da ake sayarwa a kasuwa shi ma abin tsoro ne. Yana kashe kaji, kyanwa, kare da mujiyar da ta ci mataccen ɓeran, kuma yara sukan ɗauka abinci ne. In tarko ya kasa har ka yi niyyar amfani da shi, nemi shawarar malamin gona. Sayi mai lambar hukumar NAFDAC, sa shi cikin guntun bututu ko gora inda ɓera kaɗai zai shiga, kuma ka binne duk wanda ya mutu. Ƙwayar hayaƙin da ake sa wa buhunan hatsi kuwa, kada ka kuskura ka sa ta a ɗakin da ake kwana ko mai haɗe da shi. Iskarta na kashe mutum.

9. ABOKAN MANOMI

Ba duk abin da ke daji ne maƙiyinka ba. Waɗannan aiki suke maka kyauta:

Mujiya: takan ci ɓera biyu ko uku a dare. Ba ta da wani mugun abu. Kafa dogon sanda mai gwafa a tsakiyar gona don ta sami wurin sauka.
Shirwa da shaho: suna ɗaukar ɓera da fara. Kare 'yan tsakinka da akurki maimakon ka kashe su.
Jaɓa da bushiya: ƙwari suke ci, ba hatsi ba.
Tunku: yana cin ɓera da maciji.
Ɓalɓela: tana tsince ƙwari da fara a bayan garma da shanu.
Ungulu: tana kwashe mushe kafin cuta ta yaɗu. Ta kusa ƙarewa saboda guba da masu sayen sassanta. Tun 2015 aka sa ta cikin tsuntsayen da ke gab da ɓacewa a duniya.
Burtu da gauraka: su ma sun yi ƙaranci ƙwarai. Mai son kan burtu don al'ada, a sassaƙa masa na itace.

10. LAFIYARKA DA TA IYALINKA

(a) Zazzaɓin Lassa. An fara gano shi a 1969 a garin Lassa ta Jihar Borno. Ɓeran nan mai nonuwa da yawa ke ɗauke da shi a fitsari da kashi, kuma ya fi yawa da rani. Kada a ci ɓera. Kada yara su yi wasa da shi. Sa leda a hannu kafin ka cire shi daga tarko, ka binne shi da zurfi, ka wanke hannu da sabulu. Kada a bar shanyar hatsi ko gari ta kwana a ƙasa, a rufe abinci da ruwan sha. Wanda zazzaɓi ya ƙi jin maganin cizon sauro, ga ciwon maƙogwaro da kasala, a kai shi asibiti da wuri. Wanda aka kai da wuri ya fi samun tsira.

(b) Fiɗa. Ƙyandar biri, wadda ta sake ɓulla a Nijeriya a 2017, tana iya kama mutum ta hanyar taɓa namun daji. Mai rauni a hannu kada ya yi fiɗa. Dabbar da aka tsinta a mace ko mai alamar ciwo, a binne ta. A dafa nama ya nuna sosai.

(c) Maciji. Kada ka zura hannu a ramin gafiya ko suri. Kasa, kububuwa da gamsheƙa suna shiga irin waɗannan ramuka. Sa sanda, sa takalmin roba mai tsawo, riƙe tocila in duhu ne. In an yi sara, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A kwantar da mutum, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa babban asibiti inda ake da allurar dafi.

(d) Kare. A yi wa karen farauta allurar haukan kare kowace shekara a ofishin likitan dabbobi. In kare ya ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, a tafi asibiti ran nan.

11. ABIN DA DOKA TA CE

Dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963 ta kasa dabbobi kashi-kashi: wasu an hana kashe su sam, wasu sai da lasisi. Dokar Tarayya ta 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016 aka ƙara tara, ta hana kamawa da cinikin dabbobin da ke neman ƙarewa. Ba a farauta a gandun daji na gwamnati, kamar Kamuku da ke Birnin Gwari ko Yankari ta Jihar Bauchi.

Bindiga kuwa, ko ta toka ce ta gado, dokar makamai ta 1959 ta ce sai da lasisi. Je ofishin 'yan sanda ka ji matsayin taka. Kada ka ajiye ta da harsashi ko albarushi a ciki, kada ka bar ta inda yaro zai kai hannu, kada ka harbi abin da ba ka gani sarai ba. Masu tafiya farauta nesa su yi hattara ƙwarai. A watan Maris na 2025 an kashe matafiya 16, mafarauta 'yan Arewa, a garin Uromi ta Jihar Edo, bayan an ga bindigogin gargajiya a motarsu. Kada ka bi hanya da makami ba tare da cikakkun takardu da shaidar ƙungiyarku ba.

ABUBUWAN TUNAWA

1. Gane maɓarnacin kafin ka zaɓi tarko.
2. Fara da bazara, kafin shuka.
3. Tarko da yawa, dare kaɗan, tare da maƙwabta.
4. Ɗana da yamma, duba da asuba, kwashe in ka gama.
5. Tsabtace iyakar gona da kewayen rumbu.
6. Ba wuta, ba guba.
7. Bar mujiya, tunku, jaɓa da ungulu su yi maka aiki.
8. Kada a ci ɓera ko mushe, kada a zura hannu a rami.

Don ƙarin bayani, tuntuɓi malamin gona na yankinku, ko sashen aikin gona na ƙaramar hukumarku a Hunkuyi, Makarfi ko Ikara, ko ofishin gona na shiyyar Maigana. In kun haɗa ƙungiya, ku nemi malamin gona ya zo gonarku ya nuna muku yadda ake shinge mai ƙofofi da tarkon tukunya. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana abin da muka noma.